Jiki Magayi: Darasin Jijiyar Agara ga Mai Shirin Gudun Dogon Zango

Gabatarwa

A watan Nuwamba na shekarar 2020 aka yi gasar gudun fanfalaki ta kilomita 21 a birnin Kaduna. Ina cikin 'yan baya-baya da suka iso bayan zakaru sun daɗe da share gumi. Tun daga ranar kwaɗayi ya kama ni, har na ɗaura niyyar gudun kilomita 50 ta hanyar daji da duwatsu. Cikakken gudun fanfalaki kilomita 42.195 ne, duk abin da ya zarce haka shi za mu kira gudun dogon zango. Daga cikin mashahuransa akwai gasar Comrades ta Afirka ta Kudu, wadda aka fara a 1921, mai tsawon kusan kilomita 90, da kuma gasar zagaye tsaunin Mont Blanc a Turai, mai kimanin kilomita 170, wadda aka fara a 2003.

Kullum da asuba nakan fita daga Barnawa in bi ta Narayi in nausa wajen Sabon Tasha. Cikin wata biyu na ninka tafiyar da nake yi a mako. Numfashina bai gaza ba, zuciyata ba ta koka ba. Sai wata safiya na sauko daga gado na ji bayan dunduniyata ya sandare kamar an ɗaure da tsirkiya. Jijiyar agara ce ta yi magana. Ni da nake koyar da ilmin halittu, sai ga shi na manta da darasin da nake karanta wa ɗalibai.

Sassan jiki ba tafiyarsu ɗaya ba

Ya mai karatu, idan mutum ya fara atisaye, sassan jikinsa ba sa ƙarfafa lokaci guda. Jini yakan ƙaru cikin 'yan kwanaki, zuciya da tsoka su ƙara ƙwazo cikin makonni. Amma jijiya da ƙashi sai an yi watanni. A nan haɗarin yake: mai gudu yana jin ƙarfi a ƙirji, alhali igiyoyin da ke ɗauke da shi ba su shirya ba. Kowane taku na gudu yana dukan ƙasa da nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku, abin da ke hawa kan agara kuwa ya fi haka nesa.

A shekarar 2013 wasu masana a birnin Kwapanhagan na ƙasar Danmak suka nuna dalilin nawar agara. Gwaje-gwajen bama-baman nukiliya da aka yi tsakanin 1955 da 1963 sun ƙara yawan sinadarin kabon-14 a iska, ya shiga tsirrai, ya shiga jikin mutane, ya zama tamkar hatimin da ke nuna shekarar da aka gina kowane sashe. Da suka auna, sai suka tarar tsoka tana sabunta kanta a kai a kai, amma tsakiyar agara an gama gina ta ne tun mutum yana ɗan shekara 17 ko kusa da haka, kuma da ƙyar take sauyawa bayan nan. Ashe ni mai shekara arba'in da ɗoriya, da agarar samartakata nake gudu.

Magani: nauyi daidai gwargwado

Abin da mutum zai fara tunani shi ne ya kwanta ya huta sarai. Sai dai jijiyar da ba a ɗora mata nauyi rauni take ƙarawa. A 1998 wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Alfredson ya gwada wata dabara a kan 'yan gudu 15 masu daɗaɗɗen ciwon agara. Mutum zai tsaya a bakin matakala da yatsun ƙafa, ya ɗaga jiki da ƙafa mai lafiya, sa'an nan ya sauke dunduniyar mai ciwon a hankali. Sau 15 a jere, zagaye uku gwiwa a miƙe, uku a lanƙwashe, safe da yamma, har mako 12. Dukkansu sun koma gudu. Idan kuwa ciwon a daidai inda jijiyar ta manne da ƙashin dunduniya yake, a ƙasa shimfiɗaɗɗiya ake yi, ba a bakin matakala ba.

Bisa shawarar likitan gashin ƙashi, na rage gudu, na cike gurbin da keke. Ma'aunina shi ne safiya: idan ciwon jiya ya lafa kafin gari ya waye, nauyin ya yi daidai, idan ya ƙaru, na yi zalama.

Ciwon da ba a wasa da shi

Wannan sassauci bai shafi ƙashi ba. Ciwon da za ka iya nuna wa da ɗan yatsa a ƙwauri ko a bayan ƙafa, mai ƙaruwa da kowane taku, wataƙila tsagewar ƙashi ce. A makonnin farko hoton ƙashi ma yakan kasa nuna ta. Nan sai tsayawa cak da ganin likita, domin warkewa takan ci mako shida zuwa takwas, ko fiye.

A kula da magunguna kuma. Ibuprofen da diclofenac suna rufe bakin ciwo, suna kuma rage jinin da ke zuwa ƙoda, a lokacin da zafi da ƙishirwa suka riga suka takura ta. Ciprofloxacin da danginsa, waɗanda ake yawan sha a nan saboda taifot, suna iya raunana agara har ta tsinke. Tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa aka buga wannan gargaɗi a takardar bayaninsu. Mai zazzaɓi kada ya yi gudu. Wanda kuma jininsa AS ne, ya kiyayi matsa wa kansa cikin zafin bazara.

Hanyar daji

Gudu a turba ya bambanta da na kwalta. Gangara ta fi hawa cin tsokar cinya, domin tana aiki ne tana miƙewa, kamar birki. Duwatsu da zaizayar damina suna jawo targaɗe, saboda haka tsayuwa da ƙafa ɗaya na cikin atisaye. Hawan tudu kuwa, ƙwararru ma takawa suke yi, ba abin kunya ba ne. Ruwa a sha gwargwadon ƙishirwa. Ɗirka shi fiye da kima yana tsinka gishirin jini, wanda kan kai ga suma, har ma da mutuwa.

Kammalawa

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba rana ɗaya suka isa ba. Zango-zango suke yi, madugu yana auna tafiya da ƙarfin jakin da ya fi rauni. Jikin mai gudu ayari ne, agara kuwa ita ce wannan jaki. Na ɗage niyyata da shekara guda cur. Yanzu ina iya kilomita 35 a turba in tashi washegari ba ɗingishi. Saura 15, kuma ba na gaggawarsu. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Wanda ya saurari jikinsa tun yana raɗa, ba zai jira ya yi masa ihu ba.