Kada a shanya yaron nan a rana

Wani saƙon murya na ta yawo a WhatsApp, daga Mabera har Arkilla a Sakkwato, haɗe da hoton wani yaro mai ɗigo-ɗigo baƙi da fari a fuska, idanu a runtse, ga miki a gefen hanci. Mai maganar, da muryar wanda ya gama sanin komai, ya jero dalilai: cutar ana ɗaukarta, allurar foliyo ce ta jawo, uwar ta shafa man bilicin da tsohon ciki, sannan auren zumunci. Ya rufe da magani: a shafa wa yaro wani haɗi, a zaunar da shi cikin rana tsaka har mikin ya bushe.

Hoto ba ya tabbatar da cuta. Miki a fuskar yaro na iya zama noma, wadda ke farawa daga dasashi ta kuma kashe cikin makonni, ga asibitinta nan cikin garin nan. Amma ɗigon nan da gudun haske sun fi kama da cutar gado da likitoci ke kira xeroderma pigmentosum, XP a taƙaice. In ita ce, ba a ɗaukarta, ba ruwanta da foliyo, ba ruwanta da man shafawar uwa.

Maganar rana ce ta hana ni yin shiru, domin ita ce za ta iya hallaka yaro.

A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, UV, wanda kullum yake yi wa DNA ɗin fatarmu lahani. Jikin mai lafiya yana da ma'aikatan da ke bin wurin, su yanke ɓarnar su cike gurbin, kamar yadda ake bin katangar ƙasa da yaɓe bayan damina. Yaro mai XP an haife shi ba tare da cikakken aikin gyaran nan ba. James Cleaver ne ya gano haka a 1968, kuma Aziz Sancar, ɗan asalin Turkiyya, na cikin mutum uku da suka sami kyautar Nobel a 2015 saboda bayyana yadda gyaran ke gudana. Duk ɓarnar da rana ta yi wa irin wannan yaro tana nan, ta gobe ta hau kan ta yau, har ta zama sankara. A binciken da aka daɗe ana yi a Amurka, rabin waɗanda sankarar fata ta kama ta fara bayyana musu kafin su wuce shekara 9. Ido ma ba ya tsira, haka leɓe da ƙarshen harshe, kuma baƙar fata ba ta isa kariya ba. To a ɗauki wannan yaro a ajiye shi tsakar gida a Sakkwato, inda ko mai lafiya ke neman inuwa tun hantsi? Miki na iya yin ɓawo a sama, a ce an samu sauƙi, alhali sankara na ci a ƙasa. Hazon hunturu ma ba ya tare UV duka.

Ban ga laifin uwar da ta gwada ba. Ta sha yawon masu magani, ta ga maƙwabta na janye 'ya'yansu daga nata, sai ga wanda ya yi mata magana da tabbaci. Wanda ya naɗi saƙon kuwa, ko tambayar likita ɗaya bai yi ba kafin ya tura wa duniya.

Batun auren zumunci yana da ƙamshin gaskiya. Sai uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar gadon cutar, su kansu lafiya lau, sannan kowane ciki ke da yiwuwar ɗaya cikin huɗu, daidai da lissafin sikila. Dangi sun fi haɗa ƙwaya iri ɗaya, shi ya sa cutar ta fi yawa a Tunisiya da Maroko fiye da Turai. Duk da haka cuta ce mai wuyar samu, mafi yawan auren gida ba sa haifar da ita, kuma gwajin AA da AS da ake yi kafin aure ba ya nuna ta.

Har yanzu ba a sami maganin da ke maido da gyaran ba. Abin da ke tsawaita rai shi ne inuwa, tufa mai rufe jiki, malafa, tabarau da man kariya masu tare UV, a mayar da wasa bayan faɗuwar rana. Duk sabon miki ko ƙari a kai shi ga likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun yana ƙarami, lokacin da cire shi ke da sauƙi, a tafi da ƙannen yaron ma a duba su.