Komar Naɗewa da Fatar Kifi: Darasi Daga Masu Fatsa na Ingila

A ranar 13 ga Satumba, 1952, wani Bature mai suna Richard Walker ya kama kifi mai nauyin laba 44, wato kusan kilo 20, a wani ɗan tafki da ake kira Redmire a yammacin Ingila. Bai kai shi kasuwa ba, bai kuma sa shi a tukunya ba. An ɗauke shi da ransa zuwa gidan namun daji na Landan, inda ya ƙara kusan shekara 20 a duniya. Irin wannan kifi shi ne Ingilishi ke kira kap, masana kimiyya kuma suke kira Cyprinus carpio. Mu ma ba baƙonmu ba ne ƙwarai, domin tun cikin shekarun 1950 aka kawo irinsa gonar kifi ta Panyam da ke Jihar Filato.

Masu fatsar kap a Ingila ba don miya suke yi ba. Sukan kama kifi, su auna shi, su ɗauki hotonsa, sannan su mayar da shi ruwa. Saboda haka kifi ɗaya yana iya faɗawa hannun mutane daban-daban sau da yawa a tsawon rayuwarsa, kuma lafiyarsa ta dogara ne ga yadda kowannensu ya fitar da shi daga ruwa. Abin da ake fitar da shi da shi wata irin koma ce mai baki kusurwa uku: hannuwa biyu da suka buɗe kamar reshen gwafa, da igiya da ta haɗa ƙarshensu, da raga mai zurfi da ke rataye a jikinsu, sai kuma doguwar sanda.

Masu fatsar nan iri biyu ne. Akwai waɗanda ke kafa tanti wuri ɗaya su kwana biyu ko uku suna jira. Akwai kuma masu yawo, waɗanda ke bin bakin tafki a hankali, suna kutsawa cikin ciyayi suna neman inda kifi ya taso. Mai yawo ba ya son kaya mai nauyi, don haka yakan nemi koma wadda za ta naɗe ta shiga jaka. To, a nan ne kuskure ke shigowa, domin hanya mafi sauƙi ta rage kaya ita ce a sayi ƙaramar koma, kuma kifi ne ke biyan kuɗin wannan sauƙi da fatarsa.

Yauƙin da ke jikin kifi

Duk wanda ya taɓa riƙe tarwaɗa ya san santsin jikinta. Wannan yauƙi wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ke cikin fatar kifi suke fitar da shi ba dare ba rana. Ɗalibai da yawa suna zaton ɓawon kifi shi ne shimfiɗar waje ta jikinsa. Ba haka ba ne. A saman ɓawon akwai wata siririyar fata mai rai, a samanta kuma akwai yauƙin. Cikin yauƙin akwai sinadarai masu kashe ƙwayoyin cuta, kamar laisozayim, wanda yake akwai shi a hawaye da miyau na ɗan Adam.

Aiki na biyu ya shafi gishiri. Jinin kifin ruwan daɗi ya fi ruwan tafki gishiri nesa ba kusa ba. Saboda haka ruwa kullum yana neman shiga jikinsa ta hanyar da muke kira osmosis, gishiri kuma yana neman fita. Kifi yana fama da wannan ta yawan fitsari da kuma tsotso gishiri ta gaɓoɓin numfashinsa. Lafiyayyar fata garu ce da ke rage masa wannan wahala. Idan aka kankare ta, an buɗe ƙofa ke nan: ruwa ya shiga, gishiri ya fita, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Bayan 'yan kwanaki sai a ga wani farin abu kamar auduga ya tsiro a kan raunin, wanda galibi Saprolegnia ce. Na sha ganin haka a ɗakin gwaji idan ɗalibai suka riƙe karfasa da busasshen tsumma don kada ta suɓuce musu. Ranar gwajin kifin lafiya ƙalau, mako na zagayowa ya fara furfura.

Wannan shi ya sa ragar koma ta fi kowane sashe nata muhimmanci. Ragar da aka saƙa da ƙulli, irin ta taru, kowane ƙulli nata yana gurzar fata idan kifi ya yi birgima a ciki. Dokar kamun kifi ta Ingila ta hana amfani da koma mai ragar ƙulli ko ta ƙarfe. Abin da ake nema shi ne raga mai laushi marar ƙulli. Girman idon ragar ma abin dubawa ne. A gaban fiffiken bayan kap akwai wata ƙaya mai haƙora kamar zarto, kwatankwacin ta ƙurungu da masuntanmu suka sani. Idan idon raga ya yi faɗi, ƙayar takan sarƙe, fiffike kuma ya tsage. Idan ya yi ƙanƙanta ainun, ragar takan yi nauyin ja a cikin ruwa, ta kuma daɗe ba ta bushe ba. Akwai raga mai rufin roba wadda ƙugiya ba ta cika maƙalewa a jikinta ba, tana saurin bushewa, ba ta riƙe ƙarni. Aibinta ɗaya, ta ɗan fi nauyi. A ganina mai yawo ya jure wannan nauyi.

Faɗin baki da tsawon sanda

Ma'aunin da aka saba da shi a komar kap shi ne hannuwa masu tsawon inci 42, wato kimanin santimita 107, kuma tafkuna da yawa a Ingila ba sa barin a shiga da wadda ta gaza haka. Dalili a fili yake. Babban kap yakan kusa mita ɗaya a tsawo, kuma ana so ya shiga koma a karo ɗaya, ba tare da an lanƙwasa shi ko ya bugi bakinta ba. Don haka naɗewar ta zo daga hannuwan da sandar. A wasu komomin ana zare hannuwan daga mahaɗarsu a nannaɗe raga a kansu. A wasu kuma hannuwan suna lanƙwashewa baya su kwanta jikin sanda. Wannan na biyu ya fi sauri, amma sai a duba makullinsa da kyau, domin mahaɗar da yashi ya shiga takan ƙi buɗewa, ko ta rufe da kanta daidai lokacin da kifi ya zo baki. Mai saye ya gwada buɗe ta da hannu ɗaya, tun da ɗaya hannun yana riƙe da sandar fatsa.

Sandar koma takan kai ƙafa 6, kusan mita 1.8. Mai yawo zai fi jin daɗin wadda ke rabuwa gida biyu ko wadda ke zurmawa cikin kanta. Sandar zaren kabon ba ta da nauyi kuma ba ta lanƙwasa sosai, sai dai tana ɗaukar wutar lantarki, don haka ba a ɗaga ta kusa da wayar wuta ko lokacin tsawa.

Ga wani lissafi da malamai za su iya yi da ɗalibai a allo. A cikin ruwa kifi kusan ba shi da nauyi, domin ruwa na tallafe da shi. A ce mutum ya ɗaga kifi mai kilo 10 a ƙarshen sandar mita 1.8, hannuwansa biyu suna da tazarar santimita 30 a gindin sandar. Daga hannun gaba zuwa kifi mita 1.5 ne, wato ninki biyar na tazarar hannuwan. Hannun baya zai danna da ƙarfin kilo 50, na gaba kuma ya tallafi kilo 60. Sanda mai gaɓa a tsakiya a gaɓar za ta karye, kifi ya faɗi ƙasa. Shi ya sa ƙwararru ba sa ɗaga kifi da sanda. Sukan bar shi cikin ruwa ya huta, su zare hannuwan komar, su nannaɗe raga har kusa da jikinsa, su tabbatar fikafikansa sun kwanta, sannan su ɗauke shi zuwa jiƙaƙƙiyar katifa mai laushi.

Cutar da ke bin jiƙaƙƙiyar raga

Mai yawo yana da wani haɗari da ya fi na mai tanti, domin yakan bar wannan tafki ya nufi wancan, komarsa a naɗe cikin jaka da danshinta. A shekarar 1998 aka ga ɓarkewar wata cutar bairos ta kap a Isra'ila da Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da KHV. Tana kama gaɓoɓin numfashi, tana tsananta idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 16 da 28 a ma'aunin Salshiyas, kuma tana iya kashe mafi yawan kifin tafki. Ba ta kama mutum. Tun 2007 doka ta wajabta a kai rahotonta ga hukuma a Ingila. Yauƙin kifi mai cutar da ya maƙale a raga yana iya kai ta wani ruwa, shi ya sa wasu tafkuna ke ajiye kwatarniyar magani a ƙofa don tsoma koma, wasu kuma ba sa yarda a shiga sai da busasshiyar raga. A 2011 aka fara wani gangamin wayar da kai a Birtaniya mai kira ga masu shiga ruwa da su duba kayansu, su wanke, su shanya.

Masu kiwon kifi a nan gida, waɗanda ke aron koma daga maƙwabci ko suke kwasar kifi daga kududdufi zuwa kududdufi da raga ɗaya, wannan batu ya shafe su kai tsaye, ko da tarwaɗa suke kiwo. Abin da Bature ke nema da ƙyar mu muna da shi kyauta, wato rana. A wanke raga, a baza ta a rana har ta bushe ƙayau, sannan a naɗe.