Bayan tuwon dare: Yadda Hausawa Kiristoci a Katsina ke tarbiyyar 'ya'yansu da labarai

A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina domin yaƙi da 'yan bindiga. Batsari da Safana na ciki, haka ma Ƙanƙara da Bakori da Funtuwa da Malumfashi.

Daga ƙauyuka irin su Yasore da ke yankin dajin Rugu har zuwa kudancin jihar, mutane sun shafe watanni babu kira, babu WhatsApp. Kafin nan ma tsoron hari ya riga ya kashe dandali a wurare da dama, domin da magariba ta yi kowa yakan kulle ƙofarsa.

Abin da ya rage wa yara shi ne tsakar gida da bakin iyaye. Ga Hausawa Kiristoci, waɗanda tsiraru ne a jihar, wannan hira ta bayan tuwon dare tana da nauyi na daban. A nan ne yaro ke fara jin labaran da addininsa ya ginu a kansu.

Su wane ne Hausawa Kiristocin Katsina?

Mafi yawan mutanen Batsari da Safana Musulmi ne. An fi samun Hausawa Kiristoci a ƙauyukan Malumfashi da Kafur da Matazu da Musawa da Ƙanƙara, kuma da yawansu jikokin Maguzawa ne da suka karɓi addinin a ƙarni na 20.

Tarihin ya taɓa hanyar Batsari. Tun shekarun 1930 'yan mishan na ƙungiyar SIM suka riƙe asibitin kutare na Babbar Ruga, wanda ke kan hanyar Katsina zuwa Batsari. Daga aikin SIM ne cocin ECWA ya fito a 1954.

An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, bayan aikin fassara da Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya taka rawa a ciki. A 2023 kuma fadar Paparoma ta kafa dayosis ɗin Katolika na Katsina, ta naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan asalin Malumfashi, a matsayin bishop na farko.

Sai dai samun littafi daban, iya karanta shi daban. Kakanni da yawa ba su yi boko ba. Sun haddace labaran ne a majami'a da taron Zumuntar Mata, suka kawo su gida da baki, ta hanyar da suka gada ta yin tatsuniya.

Inda Gizo ya tsaya

Kowane ɗan Bahaushe ya san tsarin. Kaka za ta ce "ga ta nan, ga ta nan ku", yara su amsa "ta zo mu ji ta". Daga nan sai Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami su fito. A ƙarshe a rufe da "ƙurunƙus", mai ba da labarin ta amsa cewa ƙarya ta shirga.

Wannan rufewar ce ta raba tatsuniya da labarin Littafi Mai Tsarki. Iyaye ba sa so yaro ya ajiye Dauda da Goliyat a kwando ɗaya da Gizo, ya girma yana ganin duka almara ce.

Shi ya sa akan ari salon tatsuniya, kamar sauya murya da saka waƙa da barin yara su amsa, amma a bar mabuɗinta da marufinta. Akan fara da addu'a, a ambaci littafi da surar da labarin ya fito, a rufe da tambaya: wa ya yi daidai a nan, kuma don me?

Hausa ta riga ta tanadi wannan bambanci. Akwai tatsuniya, akwai labari, akwai kuma ƙissa, kalmar da Musulmi ke kiran tarihin annabawa da ita.

Labaran da ba sa buƙatar dogon bayani

Yaron ƙauye yana da gata wajen fahimtar misalan da Yesu ya bayar, domin duniyar da ke cikinsu ita ce tasa.

Misalin mai shuka a Matiyu sura 13 yana magana ne kan irin da ya faɗi a hanya, da kan dutse, da cikin ƙaya, da ƙasa mai kyau. Yaron da ya bi mahaifinsa shuka gero a farkon damina ya ga duka huɗun da idonsa.

Haka ma makiyayin Luka sura 15, wanda ya bar tumaki 99 ya tafi neman guda ɗaya da ta ɓata. Rut kuwa kala ta je yi a gonar Bo'aza, abin da har yau mata ke yi bayan girbi. Majajjawar Dauda ma irin ta masu korar tsuntsaye a gona ce.

Umarnin yin wannan hira yana cikin Littafin kansa. Maimaitawar Shari'a sura 6 ta ɗora wa iyaye koyar da 'ya'yansu a zaune a gida, da kan hanya, da lokacin kwanciya da na tashi. Manzo Bulus kuma ya danganta bangaskiyar Timoti ga kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki.

Tambayar da ke ɗaure harshe

Wahalar tana zuwa ne idan labarin ya taɓo abin da yaro ya gani. A ranar 11 ga Disamban 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Yaran da suka taso a wannan yanki sun san ma'anar kuɗin fansa tun kafin su iya rubuta sunansu.

Idan aka ba irin wannan yaro labarin Daniyel da ya fito lafiya daga ramin zakoki, zai iya tambaya: to me ya sa kawu bai dawo ba?

Uwar da ta ce masa duk mai addu'a ba abin da zai same shi ta yi alkawarin da ba a hannunta yake ba. Ranar da alkawarin ya karye, yardar yaron na iya karyewa tare da shi.

Littafin da kansa bai yi wannan alkawari ba. A sura ta farko ta Ayuba, mahara ne suka kore shanunsa da jakunansa da raƙumansa, suka kashe barorinsa, alhali shi mutumin kirki ne. A Matiyu sura 2, iyayen Yesu sun tashi da dare suka yi gudun hijira zuwa Masar da jariri a hannu. Istifanus kuwa jifansa aka yi har ya mutu.

Waɗannan labarai suna gaya wa yaron da aka raba da garinsu cewa masifa ba shaida ba ce ta cewa Allah ya juya masa baya.

Maƙwabci a cikin labari

Akwai kuma batun ramuwa. Yusufu, wanda 'yan'uwansa suka sayar da shi, ya samu mulki a Masar amma ya yafe musu. Littafin Farawa ya kawo labarin daga sura 37 zuwa 50.

Yaron Kirista da ya ji wannan a gida zai tarar abokinsa Musulmi ma ya san Annabi Yusufu, domin akwai sura guda da sunansa a Alƙur'ani. Bayanan sun bambanta a wurare, aƙidun ma haka, amma yaran biyu suna da abin tattaunawa a hanyar rafi.

Yadda ake ba da labarin ma tarbiyya ce. Idan kullum mugun cikin labari kamannin wata ƙabila ko wani addini ake ba shi, yaro zai tashi da wannan hoton. A misalin Basamariye na Luka sura 10, mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni a hanya bai samu taimako daga nasa ba. Baƙon da ake ƙyama ne ya tsaya ya ɗauke shi.

Layukan waya sun dawo daga baya, kuma yanzu ana samun Littafi Mai Tsarki na Hausa a manhajar waya, har da na saurare. Makarantar Lahadi kuwa sau ɗaya ce a mako, idan hanya ta yi kyau. Sauran darare shidan suna hannun uwa da uba da kaka, waɗanda suka san abin da ya hana yaron barci jiya, suka kuma san labarin da ya kamata ya ji yau.