Ɗakin Bautar Kailasa: Aikin Aljanu Ne?

Wani mai sauraronmu ya aiko yana tambaya, wai aljanu ne suka gina ɗakin bautar Kailasa da ke Ellora a Indiya?

To malam, 'yan Adam ne. A ƙarni na 8, zamanin Sarki Krishna na Ɗaya, mabiya addinin Hindu suka yi shi don abin bautarsu Shiva. Masassaƙa suka hau dutse guda, suka yi ta sara daga sama zuwa ƙasa, har rufi da ginshiƙai suka fito. A gindinsa ga giwaye jere, kamar su ke ɗauke da shi. Magini in ya kuskure sai ya yaɓa ƙasa. Nan kuwa abin da aka sare ya tafi ke nan. Lissafi ne da haƙuri.