Tonka da Tattasai Masu Hunhuna: Don Mi Ake Kama Su a Kasuwa?



Wani lokaci ma'aikatan tsabta sukan shiga kasuwa, su buɗe buhunan busasshen tattasai da tonka. Wanda suka tarar ya lalace sai su kwashe shi, su ƙone. Mai kaya ya yi asara, ya ce an cuce shi. To, ga dalilin wannan aiki.

In tattasai bai bushe sarai ba aka zuba shi cikin buhu, hunhuna takan kama shi. Wata irin hunhuna tana haifar da guba da likitoci ke kira aflatoksin. Gubar ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma tafasar miya ba ta kashe ta. Hanta take ci. Wanda ya daɗe yana cin ta kaɗan-kaɗan yana iya kamuwa da ciwon daji na hanta. In ta yi yawa, sai shawara ta kama mutum, har ya mutu. A shekarar 2004, a ƙasar Kenya, mutum 125 suka rasu saboda masara mai irin wannan guba. Tana kama gujiya ma.

A 1993 gwamnatin Nijar ta kafa dokar tsabtar jama'a. Saida abincin da ya ruɓe laifi ne.

Tattasan Diffa, na bakin Komadugu, yana kai har Damagaram, Maraɗi da Najeriya. Buhu guda mai hunhuna ya isa ya ɓata sunan kayan gari duka.

Ga abin da ya kamata ku yi:

1. Ku shanya bisa tabarma, ba bisa ƙasa ba. Da marece ku kwashe, kada raɓa ta sauka kansa.
2. Ku matsa guda da hannu. In ya karye ƙas, ƴaƴansa suna ƙara a ciki, ya bushe.
3. Ku tsince masu baƙi-baƙi da masu fari ko kore a ciki, ku ƙone su. Kada ku daka su cikin yaji don a ɓoye.
4. Kada ku yayyafa ruwa don buhu ya ƙara nauyi.
5. Cikin ɗaki, ku aza buhuna bisa itace, nesa da bango, musamman da damana.

Mata masu saye, ku fasa guda biyu ku duba ciki kafin ku biya.

Gara asarar tiya guda a gida da asarar buhu goma a kasuwa. Wanda ya karanta, ya gaya wa maƙwabcinsa.