Dutsen Grafton da Makwabcin da Ya Harba Bindiga

A wannan fitowar za mu kai ku wani ɗan ƙaramin gari a ƙasar Amurka mai suna Grafton, a jihar Bajiniya ta Yamma, wanda mutanensa ba su wuce kimanin 5,000 ba. A maƙabartar sojoji ta garin akwai wani dogon dutse da aka sassaƙa aka kafa a kan kabarin wani soja, Thornsbury Bailey Brown. Shi ne ake ɗauka a matsayin sojan gwamnatin tarayya na farko da wani sojan 'yan aware ya kashe a yaƙin basasar ƙasar na 1861 zuwa 1865.

Abin ya faru ne a daren 22 ga Mayu 1861, ana gobe mutanen Bajiniya za su jefa ƙuri'a a kan ko jiharsu ta ɓalle daga tarayya. Grafton mahaɗar layin dogo ce, saboda haka kowane ɓangare yana son ta zama a hannunsa. Brown da wani abokinsa suna dawowa daga taron ɗaukar sababbin sojoji a Pruntytown, sai suka yi kiciɓis da masu gadi na 'yan aware a Fetterman, gab da gari. Aka ce su tsaya. Brown ya harba ƙaramar bindigarsa ya ji wa wani mai suna Daniel Knight rauni a kunne, Knight kuwa ya mayar da wuta, nan take Brown ya faɗi. Bayansa mutane sama da 600,000 suka bi wannan hanya kafin a ajiye makamai.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne, Knight ba daga wata uwa duniya ya zo ba. Ɗan yankin ne, ƙungiyar da ya shiga ma ta 'yan yankin ce. Kasuwa ɗaya suke ci, kogi ɗaya suke sha. Haka yaƙin basasa yake: harsashin da ya fita daga wannan gida, a gidan makwabci yake sauka, kuma idan ƙura ta lafa dole a ci gaba da gaisawa a bakin hanya. Dutsen ya kiyaye sunan wanda aka kashe, amma dutse ba ya iya gaya wa yaro yadda zai kalli jikan wanda ya yi kisan. Wannan aikin na iyaye ne.

Kuma wata uwa ce ta yi shi. Ann Reeves Jarvis, mazauniyar wannan yanki, ta haɗa mata ƙungiya-ƙungiya tun kafin yaƙi don tsabtar gida da lafiyar jarirai, domin ita kanta ta binne 'ya'yanta da dama suna ƙanana. Da yaƙi ya ɓarke, matan suka yi jinyar sojojin ɓangarorin biyu ba tare da tambayar launin kayansu ba. Ana ba da labarin cewa a 1868 ta tara tsofaffin sojojin da iyalansu a Pruntytown don a yafi juna, duk da fargabar da ake yi kada taron ya koma faɗa. 'Yarta Anna ce ta shirya taron tunawa da ita a wani coci na Grafton a 1908, kuma daga nan ranar iyaye mata ta Amurka ta samo asali.

An buɗe maƙabartar a 1867. A cikin sojojin yaƙin basasa da ke kwance a wurin, sama da 600 ba a san ko sunayensu ba; lamba ce kawai a kan ɗan dutse. Shi kansa Brown sai a 1903 aka mayar da gawarsa can. Kowace shekara a ƙarshen watan Mayu yaran makaranta sukan yi jerin gwano su ajiye furanni a kan kaburbura, wanda aka sani da wanda ba a sani ba.

Mu Musulmi ba mu gina dogon dutse a kan mamaci, domin an hana gini a kan kabari kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, kuma addu'a muke kai wa matattu, ba furanni ba. Amma alamar da za a gane kabari halal ce, Manzon Allah (S.A.W.) ya ajiye dutse wajen kan Usman bin Maz'un don ya riƙa sanin makwancinsa, kuma ya kan ziyarci shahidan Uhudu. Game da faɗan cikin gida kuwa, malaman tarihi sun ruwaito cewa bayan yaƙin Raƙumi a shekara ta 36 bayan hijira, Sayyidina Ali ya yi wa matattun ɓangarorin biyu salla, ya kuma mayar da Nana A'isha Madina cikin girmamawa.

Wannan zance ba baƙo ba ne a gidajenmu. Akwai masu karatunmu da kakanninsu suka je yaƙin Najeriya na 1967 zuwa 1970 ba su dawo ba, akwai waɗanda suka ga yadda aka yi a Njamena a 1979, akwai masu dangi a Sudan tun da wuta ta kama a Afrilun 2023. Galibinsu ba su da dutse, wasu ma ba a san inda aka binne su ba. Abin da ya rage shi ne hoto a cikin akwati da labarin da kaka ke bayarwa bayan sallar isha'i. Shawararmu ga mai bayar da labarin: ya faɗi sunan mamacin cikakke, da garinsu, da sana'arsa kafin ya ɗauki bindiga, ya sa yara su yi masa addu'a, amma kada ya jingina laifin ga ƙabila ɗungurungum. Idan kuma mamacin ya bar mata da marayu a unguwa, a tambayi wa ke biyan kuɗin makarantarsu bana.

Allah Ya jiƙan Musulmin da suka riga mu, Ya kashe wutar fitina a ƙasashenmu, amin.