Ku Daina Biyan Dala Kan Kujerun Da Babu Kowa A Kai

Kwanakin baya wata ƙungiya mai zaman kanta da ke aikin lafiyar mata da yara a nan Arewa ta nemi in taya ta duba takardun kashe kuɗinta kafin masu bincike su iso. A ciki na ci karo da wani kuɗi mai nauyi da aka cire da dala, wai kuɗin shekara na manhajar tsara ayyuka, irin wadda ake raba wa ma'aikata aiki a ciki, a sa ranar gamawa, shugaba ya riƙa ganin inda kowa ya kwana. Kuma ba ƙaramin rukuni suka saya ba, mafi tsadar suka ɗauka, wanda kamfanonin ke kira Enterprise.

Na ce a buɗe min jerin sunayen waɗanda ake biya wa. Sai da aka sha nema kafin a samo mai riƙe da kalmar sirrin. Da aka buɗe, fiye da rabin sunayen ba sa ofishin. Akwai waɗanda kwantiraginsu ya ƙare tare da tallafin da ya kawo su, akwai 'yan bautar ƙasa da suka gama shekararsu tuntuni, har da wani bawan Allah da ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Duk ana biya musu. Waɗanda suka rage kuma a WhatsApp suke gudanar da aikinsu, manhajar sai ranar da baƙi masu ba da tallafi za su zo ake tunawa da ita. Kullum muna zagin gwamnati kan ma'aikatan bogi, ga shi mun ƙirƙiro namu a ofisoshinmu, kuma da dala muke ciyar da su.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, waɗannan manhajoji, su Asana da Trello da Jira da Monday.com da ClickUp, haya ake ba ka, kuma kuɗin kai ne. Kowane suna da ka shigar kujera ce, kowace kujera da kuɗinta na wata, ko mai ita ya zauna ko bai zauna ba. Kamfanin da ke Amurka ko Ostireliya bai san Malam wane ya ajiye aiki ba. Kai ne za ka cire shi.

Mu yi lissafi. A ce kujera ɗaya dala 25 ce a wata, kana da kujeru 60. A shekara dala 18,000 ke nan. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin gwamnati, wannan bai wuce naira miliyan 8 da 'yan kai ba. Da dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuɗin ya koma miliyan 27, alhali ba a ƙara maka komai a manhajar ba. Ga kuma harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda tun 2022 doka ta ɗora wa kamfanonin intanet na waje alhakin karɓa daga abokan cinikinsu na Nijeriya. To idan kujeru 35 cikin 60 ɗin nan babu kowa a kai, ka zubar da dala 10,500, sama da naira miliyan 15 a wancan farashin. Ungozoma nawa wannan kuɗi zai biya albashi?

Ba ina cewa babban rukunin ba shi da amfani ba ne. Yana da shi, amma ga masu shi. Abin da ake ƙara maka galibi tsaro ne da iko: ma'aikaci ya shiga da asusun ofis guda ɗaya, ranar da aka rufe asusun nan ya fita daga manhajar kai tsaye, a ajiye tarihin wanda ya buɗe wace takarda da lokacin da ya buɗe, wani lokaci har ka zaɓi yankin duniyar da za a adana bayananka. Banki ko kamfanin sadarwa mai dubban ma'aikata, ko ma'aikatar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta 2023, suna da hujjar biyan wannan. Amma raba aiki da sa ranar gamawa, abin da yawancinmu muke nema ke nan, yana nan a ƙananan rukunai. Jira ma kyauta ce ga mutum goma zuwa ƙasa. Abin haushi, ƙungiyar da nake magana ta biya kuɗin tsarin da ke cire sunan wanda ya bar aiki da kansa, amma ba wanda ya ɗauki wahalar kunna shi.

Ku lura kuma, yawancin kamfanonin nan ba sa rubuta farashin babban rukuni a shafinsu, sai su ce ka tuntuɓi masu sayarwa. Ma'anar wannan ita ce akwai ciniki. Mu da muke shafe rabin awa muna tayin atamfa a Kantin Kwari, sai a aiko mana da farashin dubban daloli ta imel mu sa hannu ba ko tari, don kada Bature ya ce ba mu waye ba. Ƙungiyoyin agaji ma akwai rangwame na musamman da ake yi musu. Asana tana rage musu rabin kuɗi, Atlassian mai Jira da Trello ita ma tana ragewa. Sai dai sai ka nema, ka kai takardar rajistarka.

Inda aka fi cin mutane shi ne wajen sabuntawa. Yarjejeniyar shekara, ƙara kujeru a tsakiyarta abu ne mai sauƙi, ragewa kuwa galibi sai shekara ta zagayo. Kuma idan ba ka yi magana ba kafin wa'adin da aka rubuta, sau da yawa kwana talatin ko fiye kafin ƙarewa, ta sabunta kanta da adadin kujerun bara. Saƙon gargaɗin kuma ina yake zuwa? Imel ɗin wanda ya yi rajistar tun farko, wanda wataƙila ya bar ku shekara biyu da suka wuce. Wannan sakaci ne tsagwaronsa, ba laifin fasaha ba.

Saboda haka a yi rajista da imel na ofis wanda akanta da shugaba duka suke gani, ba na mutum ɗaya ba. A rubuta ranar sabuntawa a kalandar bango, a ja layi wata biyu kafin ta. Ranar da ma'aikaci ya miƙa makulli da katin shaida, a ranar za a cire sunansa daga manhaja, a ba wani kujerar maimakon sayen sabuwa. Wanda aikinsa duba rahoto ne kawai, kamar 'yan kwamitin amintattu, a bincika ko akwai damar shigar da shi a matsayin baƙo ko mai kallo, don manhajoji da yawa ba sa karɓar kuɗi a kan wannan. Kuma kafin a sa hannu a babban rukuni, shugaba ya tambayi mai kawo shawarar: wane abu guda ne a ciki da aikinmu zai tsaya idan babu shi? In ya fara kame-kame, a tsaya a ƙaramin.

Shugabannin ƙungiyoyi da masu kamfanoni, don Allah kada ku jira mai bincike. Gobe da safe ku sa a buɗe muku jerin sunayen nan, ku ɗauko takardar albashin wannan wata, ku gwada su suna bayan suna.